Faɗuwar gaba da ƙuncin rai: me za a iya yi a gida?

Maman Walid:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masu sani nake nema. Mutum ne a ido lafiyarsa ƙalau, amma da la'asar ta yi sai gabansa ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, ƙirji ya yi nauyi, dare ya yi barci ya ƙaurace masa, da safe kuma ya tashi jiki a mace. Waɗanne ƙananan abubuwa ne ake yi a gida da ke sanyaya rai da gaske? Don Allah a faɗa dalla-dalla, da yadda ake yi da adadi, domin "ka yi haƙuri, ka cire damuwa" an faɗa masa har an gaji.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam Maman Walid. Ki fara masa da numfashi, don shi ne ya fi saurin aiki idan gaba ya faɗi. Ya zauna ya jingina bayansa, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu a zuci, sannan ya sake ta ta baki a hankali, leɓe a tsuke kamar mai hura kunu, yana ƙirga shida. Hannun ciki ne ya kamata ya riƙa ɗagawa, na ƙirji ya zauna shiru. Haka zai yi na minti biyar, wato numfashi shida ke nan a kowane minti. Sirrin yana wajen fitar da iskar: duk sanda mutum ke sakin numfashi bugun zuciya na ɗan raguwa, to idan aka tsawaita shi jiki kan lafa.

Inda ake kuskure shi ne a ce wa mutum "ja dogon numfashi", shi kuma ya kama zuƙar iska da ƙarfi da sauri. Wannan na fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri ya kama shi, yatsu da leɓe su yi tsami, ya ƙara tsorata yana ganin ajali ne ya zo. Idan jiri ya fara, ya rage girman numfashin kawai. Kuma kada ya jira sai abin ya taso kafin ya koya. Ya riƙa yi sau biyu a rana lokacin da yake cikin natsuwa, bayan Asuba da bayan Isha'i, ta yadda ranar buƙata jiki ya riga ya saba.

Na biyu, ruwan sanyi a fuska. Ya tara ruwan randa a kwano ya tsoma fuska, ko ya jiƙa tsumma mai tsabta, ya ɗora a goshi da kumatu da kewayen idanu na daƙiƙa 20 zuwa 30. Sanyi a wannan sashe na fuska yana sa zuciya ta rage gudu. Mai ciwon zuciya dai kada ya tsoma fuska cikin ruwan ƙanƙara, shafawa ta ishe shi.

Ɗan Maraɗi:

Abin da Anti ta faɗa haka yake. Ni tambaya zan ƙara, Hajiya: me mutumin ke sha daga azahar zuwa dare? Goro, shayin Lipton, ataya, Nescafé da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma aikinsa ke nan ya sa zuciya bugawa, hannu ya yi rawa, ido ya bushe. Bayan kusan awa biyar da sha, rabinsa na nan a jiki. Wanda ya zauna majalisar ataya bayan Magariba ya sha kofin farko mai ɗaci da na biyu da na uku, ƙarfe sha biyun dare yana nan yana juyi a kan katifa, yana neman dalilin damuwarsa alhali wani kaso nata daga butar shayi ya fito.

Kada ya yanke lokaci ɗaya, ciwon kai da kasala za su kama shi na 'yan kwanaki har ya koma. Ya rage rabi a makon farko, a mako na biyu kuma ya tsaya ga kofi ɗaya da safe, bayan azahar babu. Da yamma a dafa masa na'a-na'a ko citta: citta ɗanya gwargwadon babban yatsa, a daddaka, a tafasa a kofi biyu na ruwa minti goma. Mai gyambon ciki ya bar citta da dare saboda ƙwannafi.

Sai hasken safiya. Ya fita tafiya da ƙafa minti 20 zuwa 30 da hantsi, kafin rana ta yi zafi, kullum a lokaci guda. Hasken da ido ya gani da safe shi ke saita lokacin da barci zai zo da dare. Zama a ɗaki da labule a sake har azahar yana ƙara nauyin rai sosai. Idan zai yi ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma kada ta kai bayan la'asar. Waya kuma a sa ta caji nesa da gado awa ɗaya kafin kwanciya.

Malama Ta Islamiyya:

'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ki dama masa talbina. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana kuma tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Garin sha'ir ake nema, ana samu wajen masu magungunan Musulunci. Babban cokali biyu, ki dama da ruwan sanyi kaɗan tukuna, sannan ki zuba a kofi ɗaya da rabi na ruwa ko madara, ki ɗora a wuta marar ƙarfi kina juyawa minti 10 zuwa 15. In kika zuba garin kai tsaye cikin tafasasshen ruwa gudaji zai yi, in wuta ta yi yawa ya kama ƙasan tukunya. Sai an sauke ta ɗan huce ake sa zuma ƙaramin cokali ɗaya. Mai ciwon suga ya bar zumar.

Kada a miƙa masa a ɗaki a fita. A zauna da shi ya sha, ko ba a ce komai ba. Mai ƙuncin rai yakan janye daga mutane, janyewar kuma ita ke ƙara ƙuncin. A ba shi ɗan aiki mai farko da ƙarshe, irin tsince shinkafa, ba wa tumaki dusa ko raka yaro makaranta. Kada a jira sai ya ji sha'awa, domin a wannan hali sha'awar bayan an fara aikin take zuwa. Ya lazimci addu'ar nan safe da yamma: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan." Ina kuma roƙon 'yan gida kada kowa ya ce masa raunin imani ne. Maganar na ƙona rai, kuma ba gaskiya ba ce. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari.

Maman Walid:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wani ya ce a sayo masa maganin barci a kemis ya sha na ɗan lokaci. Ya kuke gani?

Anti Nas:

A'a Maman Walid, kada a saya. Abin da aka fi bayarwa diazepam ne, wanda ake kira Valium ko D5. Daren farko zai yi barci, amma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da aka tsaya kuma fargabar ta dawo fiye da da. Haka tramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018. Idan ya riga ya daɗe yana shan diazepam, kada ya daina kwatsam, yana iya jawo jijjiga, likita ne zai rage masa a hankali.

Ki lura da lokaci. Idan ƙuncin ya kai mako biyu kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ci ya ragu ko aiki ya gagara, a kai shi asibiti, a ci gaba da na gida tare da na likita. A nemi a auna hawan jini, yawan jini, suga da aikin thyroid, wato ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo na kawo bugun zuciya irin wannan. Idan kuwa mace ce mai jego kuma akwai haki da kumburin ƙafa, zuciya za a duba da gaggawa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, a Kano kuma akwai Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Idan kuwa ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, ba a jiran mako biyu. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyi daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.