Tallafin renon yara: a hannun iyaye za a sa kuɗin, ko a biya gidajen reno?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar kasafin kuɗi da ta renon yara. Idan gwamnati ta ware kuɗi domin iyaye masu fita aiki su samu inda za su bar ƙananan 'ya'yansu da sauƙi, wace hanya ta fi: a miƙa wa iyayen kuɗin su nemi wurin da ya yi musu, ko a biya gidajen reno kai tsaye a ƙayyade musu abin da za su karɓa? Sannan me ya sa renon jariri yake da tsada haka, alhali albashin masu renon bai taka kara ya karya ba? Ina kuɗin yake shiga?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta ƙarshe, Malama, don ita ce tushen ta farko. Albashi ne yake cinye kuɗin. A yawancin gidajen reno, wajen kashi biyu cikin uku na abin da ake kashewa, ko ma fiye, na ma'aikata ne. Haya, abinci, wuta da ruwa, inshora da kayan wasa su raba sauran.

Dalili kuwa shi ne doka tana ƙayyade yara nawa mutum ɗaya zai kula da su. A Ingila, misali, mai reno ɗaya jarirai uku ne rabonta idan ba su kai shekara biyu ba. 'Yan shekara biyu, biyar (huɗu ne a da, aka ƙara a Satumban 2023). Daga shekara uku zuwa sama, takwas, ko goma sha uku idan akwai ƙwararriyar malama a ɗakin. To ki ɗauki gida mai yara 35: jarirai 9, 'yan shekara biyu 10, manya 16. Kowane lokaci sai mutum bakwai sun tsaya a kansu. Gidan yana buɗe awa 10, don iyaye suna kawo yara kafin su tafi aiki su ɗauke su bayan sun tashi, amma ma'aikaciya awa 8 take yi. Awa 70 ke nan a rana, wato mutum tara. Ki ƙara shugabar gidan da mai dafa abinci, kin kai sha ɗaya, ba a ma zo kan mai riƙon ƙwarya ranar da wata ta kwanta ciwo ko ta tafi hutu ba.

Saboda haka iyayen jariri ɗaya suna ɗauke da sulusin albashin mutum guda, iyayen ɗan shekara uku kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa iyaye suke kuka da tsada, masu reno suke kuka da ƙarancin albashi, kuma duk gaskiya suke faɗa. Ba a iya rage ma'aikata a samu sauƙi, domin hannu biyu ba sa ɗaukar jarirai shida idan gobara ta tashi.

Akwai wani abin da masu tsara manufa suke yawan mantawa. Gidaje da yawa asara suke yi a ɗakin jarirai, su cike giɓin da ɗan abin da ya ragu a ɗakin manya. Idan gwamnati ta buɗe ajin share fage kyauta a makarantu ta kwashe 'yan shekara uku da huɗu ba tare da ta tallafa wa ɗakin jarirai ba, sai gidajen su rufe ɗakin ko su ninka kuɗinsa.

Malamar Reno:
Lissafin nan haka yake. A kan tambayar farko, ni ina tare da biyan gidajen kai tsaye, tare da ƙayyade kuɗin iyaye. Mai biyan kuɗi shi yake iya gindaya sharaɗi: ga mafi ƙarancin albashi, ga horon da ake buƙata, ga yawan yara a ɗaki, ga littafin kuɗi da za a buɗe wa mai bincike.

Lardin Kubek na Kanada ya fara haka a 1997 da dala 5 a rana, ya koma dala 7 a 2004, kuma yawan mata masu ƙananan yara da suke aiki ya ƙaru sosai. A 2021 gwamnatin tarayyar Kanada ta ware wajen dala biliyan 30 na ƙasar cikin shekara biyar, da nufin kai kuɗin iyaye dala 10 a rana. Suwidin kuwa tun 2002 ta ɗaura kuɗin a kan samun iyali: kashi 3 cikin 100 ga yaro na farko, 2 ga na biyu, 1 ga na uku, kuma akwai iyakar da ba a wucewa komai yawan albashi. A Danmak abin da iyaye suke biya ba ya wuce rubu'in ainihin kuɗin gurbin, ƙaramar hukuma ta biya sauran.

Amma inda gizo yake saƙar shi ne jerin matakan. Rage kuɗi a yini ɗaya ake sanar da shi, horar da mai reno kuwa sai shekara biyu ko uku. Da zarar kuɗi ya sauka, iyayen da suke haƙuri a gida su fito gaba ɗaya, gurabe ba su ƙaru ba, sai layin jira ya miƙe. Kuma waɗanda suke shiga gaba a layin su ne masu sanin hanya, da suke rubuta suna tun da ciki. Talakan da aka yi tsarin dominsa ya zo a makare. Jamus ta ba kowane yaro haƙƙin gurbi daga shekara ɗaya tun Agustan 2013, har babbar kotun ƙasar ta yanke a 2016 cewa iyaye za su iya neman diyyar albashin da suka rasa idan hukuma ta yi sakaci wajen samar da gurbin. Duk da haka ƙarancin ma'aikata bai bar su ba, akwai ɗakunan da aka gina suke rufe don babu mai tsayawa a ciki.

Don haka albashi da horo su zo da farko, kuɗin gini a ware shi daban da na gudanarwa, rage kuɗin iyaye ya biyo baya a hankali. Abin da ake biyan gida a kan kowane gurbi a riƙa sabunta shi duk shekara bisa hauhawar farashi, in ba haka ba gidajen su fara ƙirƙiro kuɗin abinci da kuɗin ƙarin awa. A kuma biya bisa yaran da aka yi wa rajista, a farkon wata. Idan aka ce sai yaran da suka zo ake ƙirgawa, makon da mura ta kwantar da rabin ɗaki albashi ba zai fito ba.

Baban Yara:
Malama, na yarda da mafi yawan bayaninki, sai dai gidan reno na ƙa'ida da rana yake aiki. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, mai sayar da kaya a kasuwa, da mutanen ƙauyen da yaransu ba su kai a buɗe musu gida ba, duk ba ya musu amfani. A nan kuɗin hannun iyaye yake da ƙarfi, ko kuma a yi wa masu reno a gidajensu rajista a tallafa musu. Kolombiya tun 1986 take da irin wannan: mace a unguwa ta karɓi yara goma sha wani abu a gidanta, hukuma ta ba da horo da abinci da kuɗi. Kuskuren da aka daɗe ana yi a can shi ne ɗaukar matan a matsayin 'yan sa-kai ana ba su ɗan ihsani, sai daga baya aka mai da su kan mafi ƙarancin albashi.

Kuɗin hannun iyaye ma yana da ramuka, kuma gara a san su. Idan ba a ƙayyade farashi ba a wurin da gurabe suka yi ƙaranci, tallafin yana ƙaruwa gidaje suna ƙara kuɗi. A Ostareliya kamfanin ABC Learning ya bunƙasa da irin wannan tallafi har ya mallaki gidaje kusan dubu, ya durƙushe a 2008, dole gwamnati ta zuba kuɗi don kada a wayi gari ƙofofi a rufe. A Holan ana ba iyaye kuɗin a gaba bisa ƙiyasin samunsu, a daidaita daga baya. Hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zamba bisa kuskure, ta ce su mayar da kuɗin shekaru, gidaje suka talauce, har majalisar ministoci ta yi murabus a Janairun 2021. Rangwamen haraji kuma ba ya kai wa wanda samunsa bai kai na biyan haraji ba, ga shi sai ƙarshen shekara yake zuwa, alhali kuɗin reno duk wata ne. A guji kuma yanke tallafi kwatsam idan albashi ya haura wani adadi. A riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, kada uwa ta ƙi ƙarin girma don tsoron rasa gurbin ɗanta.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To idan kasafin ƙarami ne, ba za a ɗora wa kamfanoni nauyin ba?

Mai Lissafi:
Ana yi, amma a kula da yadda aka rubuta dokar. A Chile kamfanin da yake da mata 20 ko fiye shi aka wajabta wa samar da wurin reno ga yaran da ba su kai shekara biyu ba. Tunda mata kaɗai ake ƙirgawa, ɗaukar mace ya fi ɗaukar namiji tsada, wasu su tsaya a 19. Dokar Indiya ta 2017 ma'aikata 50 ta ce, maza da mata. Abin da ya fi duka biyun shi ne kowane kamfani ya zuba ɗan kaso na jimlar albashinsa a asusu ɗaya, hukuma ta raba.

Da ƙaramin kasafi, a fara da 'yan ƙasa da shekara uku a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, a biya cikakken kuɗin gurabe kaɗan maimakon a yayyafa wa kowa abin da ba zai riƙe ma'aikaciya ba. Kuma kada a biya albashi da kuɗin da zai zo sau ɗaya. Amurka ta ba gidajen reno dala biliyan 24 a 2021, da yawa suka ƙara albashi da shi, wa'adinsa ya cika ranar 30 ga Satumban 2023. Jihar da ba ta maye gurbinsa da kuɗinta ba, gidajen cikinta zaɓi biyu ya rage musu: su ƙara wa iyaye kuɗi, ko su janye ƙarin da suka yi wa ma'aikata.