Me zai hana a sa mana jirgin safe da na yamma tsakanin Jogana da Kano?

Sani Mai Shadda:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar jirgin ƙasa. A Jogana nake zaune, cikin ƙaramar hukumar Gezawa, amma a kasuwar Kantin Kwari ta Kano nake tsaron shagon maigidana, shekara tara ke nan. Da an sallame Asuba nake fita bakin titi. Ko na dace da mota da wuri, muna isowa Yankaba sai mu tarar da cunkoso, motocin kayan gwari sun cinye rabin hanya, masu baro suna kutsawa ta tsakani. Daga nan in sauka in nemi A Daidaita Sahu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙara tsanani. Shekaranjiya na zauna na yi lissafi, na ga kuɗin motata na wata ya haura abin da nake bayarwa na cefanen mako biyu a gida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne layin dogon Nguru ta garinmu ya ratsa. Ina hango shi daga ƙofar gida, awaki na kiwo a gefensa, yara na tafiya a kan ƙarfen suna gasar wanda zai daɗe bai zame ba. Layin nan kuwa kai tsaye ya shige tashar Kano, daga can zuwa Kwari ko Singa da ƙafa ma mutum zai je. To me zai hana a sa tarago uku ko huɗu, su kwaso mu da safe tun daga Zakirai, su mayar da mu bayan La'asar? Ana ta maganar jirgin Maraɗi da na Kaduna, ina murna da su, amma ni ba Maraɗi nake zuwa kullum ba.

Baba Na Reluwe:
Wa alaikumus salam. Ɗana Sani, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, don a kan layin nan na ƙare ƙuruciyata kafin na yi ritaya. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma aka kammala shi a 1930. Amma ka sani don gyaɗa da fatu aka shimfiɗa shi, ba don mai sammakon zuwa kasuwa ba. Shi ya sa layi ɗaya ne tal. In jirgi ya taso daga Kano wani ya taso daga Ringim, dole ɗaya ya raɓe a tashar da ke da layin kaucewa har ɗan'uwansa ya wuce. Jirgin da ke tafiya jefi-jefi wannan bai dame shi ba. Wanda kake so, mai zuwa da dawowa sau da yawa a yini, sai an gyara wuraren kaucewar nan, an sa sigina mai aiki.

Sai maganar ƙarfen kansa. Tsohon layi faɗinsa milimita 1,067 ne, sababbin da ake yi 1,435. Kan jirgin wannan ba ya hawa wancan, ko kusa. Saboda haka sabon jirgin da za a kawo wa layin Kaduna ba zai taɓa bi ta ƙofar gidanku ba.

Abin da ya fi tsorata ni kuwa cikin gari ne. Ka bi layin da ƙafa wata rana ka gani: wani wuri an kafa rumfa dab da ƙarfe, wani wuri bola ta binne shi, mata na shanya a kai. Ga mahaɗar titin mota da layi, kowace tana buƙatar ƙofa da mai tsaronta dare da rana. Na taɓa ganin abin da jirgi ya yi wa motar da ta mutu a kan layi, ba na fatan in sake gani. Amma kada ka ji na ce ba zai yiwu ba. Legas ta yi layin jirginta na cikin gari da ake kira Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo a cikin filin layin dogon da ke akwai, aka buɗe shi a 2024. Kuma tun 2023 aka gyara tsarin mulki, jiha ma tana da ikon yin harkar jirgin ƙasa, ba sai tarayya kaɗai ba.

Maman Ilham:
Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Malam Sani, ba ku kaɗai ba ne. Ni daga Madobi nake shigowa aiki wani asibiti, mu ma layin Zariya ta wajenmu ya bi, ya wuce Challawa da Sharaɗa inda dubban mutane ke aikin kamfani. Ni dai abu ɗaya zan roƙa in za a yi: lokaci. Ƙarfe takwas nake karɓar aiki daga wadda ta kwana. In an ce jirgi bakwai saura kwata, to ya zama bakwai saura kwata. Ranar da ya makarar da ni sau biyu, wallahi mota zan koma ko nawa ce. Sannan a ware tarago na mata. Wadda ta taɓa zama a matse a bayan mota da goyo, buhun wani a kan ƙafarta, ta san dalilina.

Auwalu Ɗan Sahu:
Ni da Sahu nake ci da iyalina, da na fara karantawa gabana ya faɗi. Amma da na yi tunani, jirgi ba zai kai kowa ƙofar shagonsa ba. Wanda ya sauka a tasha zai je Kurmi ko Kofar Ruwa ko asibitin Malam Aminu Kano, mu ne dai za mu kai shi. Gajeren zango ma ya fi mana, mai kaɗan, fasinja da yawa. Mun ga yadda aka hana acaɓa a 2013 mutane suka shiga wani hali kafin su farfaɗo, don haka in za a yi, a zauna da mu tun farko, a ba mu wurin tsayawa a bakin tasha.

Sani Mai Shadda:
Na gode ƙwarai. Baba, maganar faɗin layi ban taɓa saninta ba sai yau, da ina zaton jirgi duk jirgi ne. Amma ka bar ni da wata tambayar. In jirgi ɗaya ne kacal, ya kwana a Zakirai, ya shigo da safe, ya yini a Kano, ya koma da yamma, ai babu wanda zai kauce wa ke nan ko? In haka ne, mu 'yan Jogana da ke Kwari mun fi ashirin da na sani da suna, zan tara su ranar Juma'a bayan masallaci mu rubuta wa ɗan majalisarmu takarda. Maman Ilham, in kun shirya ku ma ku rubuta taku ta ɓangaren Madobi, a kai su lokaci ɗaya.