Na kusa cika shekara biyu a kan Keytruda, likita ta ce zan iya tsayawa

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. A 2021 wani baƙin tabo ya fito min a dunduniya, na yi ta shafa masa man kaɗanya a zatona faso ne. Ashe melanoma ce, sankarar fata. Aka yanke wurin, aka ɗebo fata daga cinyata aka liƙa. A 2023 ta dawo, da kaluluwa a matsematsi da ɗigo biyu a huhu. Aka ɗora ni kan pembrolizumab, wato Keytruda, ƙarin ruwa duk sati uku. Na sha 33, saura biyu in cika 35. Hotuna ukun da aka yi min a jere ba a ga komai ba. Likitata ta ce a manyan gwaje-gwajen maganin shekara biyu aka fi tsayawa, amma zaɓi nawa ne. Maganin ya riga ya lalata min tayirod, wato halittar nan da ke gaban wuya, kullum da asuba sai na haɗiyi ƙwaya, gwiwoyina kuma ko sujada da ƙyar. Sai dai tsoro nake ji, tunda ta taɓa dawowa. Don Allah wanda ya tsaya bayan hotonsa ya yi kyau nake son ji, yaya ta kasance?

Baban Sadiq: Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Ki haɗa da habbatus sauda da zuma.

Ummu Khalil: Kar ki kuskura ki tsaya! Yayana a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa tasa ta fara. Wata takwas ana ce masa tuntuɓe ne, har wani mai kemis ya cire farcen. Da aka gano, mun sayar da gona da shanu huɗu, ya sha ruwa bakwai, kuɗi suka ƙare. Wata biyar bayan nan ya faɗi a banɗaki, ta hau ƙwaƙwalwa. Ni na riƙe kansa a mota har asibiti, yana kiran sunan mahaifiyarmu da ta rasu tun muna yara. Har yau takalminsa na ƙafar hagu da ya yanke wa baki yana ɗakina.

Maman Iman: Innalillahi. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri 'yar uwa. Shi lokacin da ya tsaya hotonsa ya yi kyau?

Ummu Khalil: Wane hoto? Kuɗin hoton ma babu.

Nas Binta: To kin ga, hali biyu ne daban. Wannan magani ba kemo ba ne, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara kai tsaye. Birki yake cire wa garkuwar jiki don ta gane sankarar, shi ya sa aikinsa kan ci gaba ko an daina sawa, shi ya sa kuma yake iya juyawa kan hanji, huhu ko tayirod. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, tasa ta kai hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, aka dakatar masa da maganin a 2016, bai rasu ba sai a Disambar 2024 yana da shekara 100. Amma gaskiya irin ta tafin ƙafa, wadda ita aka fi gani a wajen baƙar fata, ba ta jin maganin kamar irin wadda rana ke jawo wa Turawa. Anti, ki tambayi likita ko za a yi miki hoton PET, mai gano inda sankara take a jiki, kafin ki yanke shawara, da kuma ko za a iya mayar da ke kan maganin in ta dawo.

Ummu Khalil: Carter ya sayar da shanu? Ke nas ce, ba likitar sankara ba. Mu da muka binne namu mu muka sani.

Nas Binta: Ban ce ni likita ba ce. Wajen likitarta na mayar da ita.

Ɗan Kantin Kwari: Nawa kuke saye? Kawuna miliyan huɗu aka ce masa kwalba ɗaya.

Abu Hanif: Kwalba ɗaya miligiram 100 ce, biyu ake sawa. Mu daga Indiya aka kawo mana, bai kai rabin haka ba.

Ɗan Kantin Kwari: Wannan ruwa ai ya fi kujerar Makka tsada. A ɗura min ko cokali ɗaya in ji ɗanɗanonsa.

Baban Sadiq: Malam ana maganar rai kana wasa.

Hajiya Ta Maraɗi: Abu Hanif, a jaka aka kawo muku? Magani ne na firji. Wani dillali ya karɓi kuɗinmu, ya ce zai haɗa mana biza da asibiti a Masar. Muka sauka Alƙahira da mijina yana dogara sanda, babu wanda ya san da zuwanmu. Kwana tara a masauki, wayarsa a kashe.

Abu Hanif: A cikin kula mai ƙanƙara ya zo. Amma dillalan nan kam, namu kashi goma ya ɗora a kan kowace takarda, har ta gwajin jini.

Ummu Khalil: Ku faɗi sunansu mana a san su.

Maman Iman: Ranar Talata ne ruwa na 34. Har yanzu ina jira, ko akwai wanda ya tsaya da kansa?

Hajiya Ta Maraɗi: Abu Hanif, naku ɗan gajere ne mai gemu? Duba saƙonka.