Wane jaki ya dace da jita mai kogon ciki? Saiti ba ya zama, G kuma tana yin sama

Danjita82:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan jitar lantarki mai kogon ciki. Tawa cikinta fayau yake, babu katakon tsakiya. Tana da Bigsby (na'urar hannu da ke kaɗa sautin wayoyi) samfurin B6, jakinta (gadar da wayoyi ke hawa a jikin jita) kuma na katako ne wanda ba a kafe ba, matsin wayoyi kawai ke riƙe da shi. Tsawon waya a takardarta inci 24.75 ne. Wayoyin da ke kai 10–46 ne (lambar kaurinsu, daga siririya zuwa mai kauri), wayar G ɗin zalla ce, ba naɗaɗɗiya ba.

Damuwata biyu ce. Da na taɓa hannun Bigsby, ko yaya ne, sai G da B su ƙi komawa inda suke. Sannan ko na saita wayoyin tsaf a buɗe, in na haura firet (ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) na 7 zuwa sama sai sautin G ya riƙa yin sama, kod (wayoyin da aka kaɗa tare) ya yi tsami. Na ga akwai Tune-o-matic (jakin ƙarfe mai sukurori) a kan gindin katako, akwai mai 'yan tayoyi, akwai kuma sandar ƙarfe guda. Wanne zan ɗauka?

MaiGyaranWuya:

Wa alaikumus salam. Malam, cuta biyu ka kawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙin komawar waya bayan an taɓa Bigsby maganar gogayya ce, wani wuri ne ke riƙe wayar. Tsamin G a saman wuya kuwa maganar tsawon waya ce. Sabon jaki zai iya kawar da ta biyun, amma ta farkon galibi ba a jaki gizo ke saƙar ba.

Bari in tsaya a kan G. Duk lokacin da ka danne waya a kan firet kana ƙara miƙar da ita, sauti ya ɗan hau. Shi ya sa ba a ajiye sirdin waya (wurin da take zama a kan jaki) daidai kan ma'aunin da aka rubuta, sai an ja shi baya kaɗan. Yawan jan kuma ya danganta ne da kaurin zuciyar wayar, ba kaurinta duka ba. G naɗaɗɗiya zuciyarta siririya ce, jan baya kaɗan ya ishe ta. G zalla mai lamba 17, irin wadda ke cikin 10–46, ƙarfe ce mai kauri da tauri, a cikin sirara ukun nan ita ta fi son a ja ta baya. To mafi yawan jakunan katako an sassaƙa su ne da lissafin G naɗaɗɗiya, don a zamanin da irin waɗannan jitoci suka fito haka wayoyi suke. Jitar ES-175 ta kamfanin Gibson ma tun 1949 take. Ke nan a jakinka wurin zaman G yana gaba, alhali baya ya kamata ya kasance da wajen milimita 2 zuwa 3. A tsawon waya irin naka, milimita ɗaya tana motsa sautin firet na 12 da kusan sent 3 (sent kashi ɗaya ne cikin ɗari na tazarar sautin firet guda). Ka lissafa ka gani: sent 6 zuwa 9, kunne kuwa yana kama wannan sarai a cikin kod.

Kafin ka sayi komai, gwada wayoyi masu lamba 11 da G naɗaɗɗiya, 21 ko 22. In ba kai mai yawan lanƙwasa G ba ne, magana ta ƙare a nan, jakinka na katako ya ishe ka. In kuwa kiɗanka na lanƙwasa ne, G naɗaɗɗiya za ta wahalar da yatsanka, sai dai ka sauya jaki.

Sannan ka tabbatar jakin ma yana wurinsa, don wanda ba a kafe ba yakan yi yawo. Auna daga bakin nat (ɗan sandan mai tsagogi da wayoyi ke bi ta kai a ƙarshen wuya), gefen da ke kallon firet, zuwa tsakiyar ƙarfen firet na 12. Ka ninka biyu. A taka zai ba da wajen milimita 628. Ƙara 1.5 zuwa 2 a gefen E siririya, ƙara 4 zuwa 5 a gefen E mai kauri, sai ka ga gindin ya ɗan karkace, haka ake so. Kada ka dogara da 'yan tsagogin da ke tsakiyar ramukan f (ramuka masu siffar harafin f a fuskar jita), a wasu jitocin suna nuna wurin jaki, a wasu kuma ado ne kawai.

Daga nan sai na'urar saiti. Saita E siririya a buɗe, danna firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi. In ta yi sama, ja wannan gefen jakin zuwa wutsiya. In ta yi ƙasa, tura shi wajen wuya. Ka sassauta wayoyi kafin ka motsa shi, ka kama gindin da hannu biyu, in ba haka ba ka karce fenti. Yi haka da E mai kauri, ka dawo ka sake duba siririyar, don motsa gefe ɗaya yana taɓa ɗayan. Wannan aikin shi ne na ƙarshe: sai wuya ya zauna (lanƙwasar milimita 0.2 zuwa 0.3 a tsakiya), tsayin waya a firet na 12 ya zauna (wajen 1.6 a siririya, 2 zuwa 2.4 a mai kauri), kuma da sababbin wayoyi. Tsohuwar waya ƙarya take yi wa na'ura.

Bigsby_B6:

Bayanin Malam na sama ya yi. Ni ɓangaren saiti zan taɓa.

Yi wannan gwajin: saita G, ka danna ta da yatsa a bayan nat, tsakanin nat da maɗaurin waya, ka saki. Duba na'ura. In sauti ya tsaya a sama bai dawo ba, nat ne ke cizon wayar. Wata alamar ita ce ƙarar "ƙis" in kana murɗa maɗauri. A kan jita mai maɗaurai uku-uku, G da D ne suka fi karkacewa bayan sun fita daga nat, shi ya sa su ne kan gaba wajen maƙalewa. Ko jakin zinariya ka sa, in nat na cizo, an gudu ne ba a tsira ba.

Game da zaɓi, ra'ayina shi ne a bar mai 'yan tayoyi a B6. Dalili kuwa, B6 ba ta da sandar nan da ke danne wayoyi a bayan jaki kamar ta B7, don haka wayoyin kan sauka ne a kwance. Wayoyi 10–46 jimillar jansu wajen kilo 45 ne, amma abin da ke danne jaki ɗan kaso ne kawai: in kusurwar saukar digiri 6 ce, bai wuce kilo 5 ba, in 10 ce, wajen kilo 8. Da wannan ɗan nauyin, tayoyi masu arha sai su riƙa karkarwa, sauti ya mutu da wuri. In kuma datti da gumi suka shige su, sai su daina juyawa, ka koma gidan jiya. Inda tayoyi ke da amfani shi ne inda wayar ke sauka a tsaye, kamar B7 ko B5.

Sandar ƙarfe guda ita na fi yarda da ita a kan B6. Babu sukuru, babu abin da zai yi ƙara, bayanta kuma a zagaye yake, waya na zamewa a kai. Irin ta kamfanin Gretsch ta asali ƙasanta ma an yi shi ne yadda za ta ɗan yi lilo gaba da baya tare da wayoyin. Aibinta shi ne miƙaƙƙiya ce, ba ka da ikon gyara kowace waya daban, sai dai ka raba kuskuren tsakaninsu, G zalla kuma ita ce za ta fi shan kashi. Amma akwai masu yin sandar da aka riga aka sassaƙa wa kowace waya wurin zamanta, kamar Compton, da wasu samfuran Tru-Arc. Wurin oda sai ka faɗa musu irin G ɗinka. Ta alminiyam sautinta a buɗe yake da kaifi, ta tagulla ta fi nauyi da kauri.

Space Control ta Gretsch kada ta ruɗe ka. Tayoyinta na daidaita tazarar wayoyi ne, ba tsawonsu ba.

Tunomatic_ABR:

Yallaɓai, ban ƙi taka ba, amma an rage wa Tune-o-matic daraja. Mai tambaya ya ce G zalla yake amfani da ita, kuma abin da ya fi ci masa rai tsamin kod ne. Jakin da Ted McCarty ya ƙirƙiro wa Gibson a farkon shekarun 1950 don wannan aka yi shi: kowace waya da sirdinta da sukurunta. Sandar da aka sassaƙa daidai take da lambar waya ɗaya da tsayi ɗaya. Ranar da ya koma 11 ko ya sauke wayoyin, lissafin ya ɗan kauce. Tune-o-matic kuwa sukundireba kawai zai ɗauka.

Abin da ke ɓata mata suna da Bigsby tsagar sirdi ce. Daga masana'anta tsagar kan zo da kaifi kamar V, naɗin waya ya riƙa saƙalewa, jakin gaba ɗaya ya tuntsura gaba ya ƙi dawowa. A gyara tsagar da magagari mai zagayen baki, zurfinta kada ya wuce rabin kaurin wayar, a gangarar da bayanta wajen wutsiya, a goge da samfefa mai laushi, a ɗiga ɗan mai. Shi ke nan.

Ko wanne za ka saya, auna waɗannan tukuna. Tazarar ginshiƙai biyun da jakin ke hawa, daga tsakiya zuwa tsakiya: yawanci tsakanin milimita 73.5 da 74 take, kuma rabin milimita ya isa ya hana shi shiga. Kaurin ginshiƙan su ma sun bambanta tsakanin na inci da na milimita, don haka sayen jaki tare da gindinsa ya fi kwanciyar hankali. Lanƙwasar allon firet: Tune-o-matic galibi inci 12 ce; in allonka 9.5 ne, wayoyin tsakiya za su yi ƙasa, na gefe su yi sama. Sai tsayi: auna daga fuskar jita zuwa ƙasan waya a wurin jaki, ka tabbata sabon zai sauka ƙasa da haka, ya bar wa fayafayan ɗagawa wurin motsi. Tazarar E zuwa E kuma wajen milimita 51 zuwa 52 ce, duba ta dace da sukurorin fikof ɗinka (maganaɗisun da ke ɗauko sautin wayoyi).

Tsakanin nau'o'in Tune-o-matic biyu, ABR-1 da Nashville: ta farkon siririya ce, tafiyar sirdinta gajeriya, amma a jakin da ba a kafe ba wannan ba damuwa ba ce tunda gindin ma yana matsawa. In G ta ƙure baya, juya sirdinta, gangaren ya kalli wuya, za ka sami ƙarin wuri. Nashville ta fi faɗi, sai ka lura kada wayar ta taɓa bayan jikinta. Ka kuma sani sauti zai sauya: ƙarfe ya fi katako kaifi da daɗewar amo, ɗumin nan na katako zai ragu.

Danjita82:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi gwajin bayan nat, G ta tsaya a sama da sent 8, B ma ta ɗan tsaya. Na kuma auna, gefen E siririya ya matso gaba da kusan milimita 2. Lanƙwasa G nake yi sosai, don haka Tune-o-matic zan ɗauka. Tambayata ta ƙarshe: in sa a kafe gindin da ƙusa, ko akwai wata hanya?

MaiGyaranWuya:

To, nat ya tona kansa. Tsagarsa ya kamata ta fi wayar faɗi da ɗan kaɗan, wajen milimita 0.05 zuwa 0.1, ƙasanta a zagaye, bayanta ya gangara ya kuma ɗan karkata wajen maɗaurin. Faɗi za a ƙara, ba zurfi ba. Danna waya a firet na 3 ka leƙa saman firet na 1: in akwai ɗan sarari kamar kaurin takarda, zurfin ya isa, ƙari kuma zai jawo zuza a buɗe. In ba ka da magagarin nat, kai wa mai gyara, aikin mintoci ne. Bayan nan ka goga bakin fensir a tsagar duk sanda ka sauya waya.

Kafewa kuwa, kada ka fara da ita. Jaki yakan yi yawo ne in ƙafafunsa ba su kwanta a kan fuskar jitar ba, sabon gindi kuma da wuya lanƙwasarsa ta zo daidai da taka. Cire wayoyi, shimfiɗa samfefa mai lamba 150 a wurin jakin, ƙaiƙayin na kallon sama, ka manne gefunanta da salatif marar ƙarfi. Zana fensir a ƙasan ƙafafun, ka riƙa goga gindin gaba da baya a ɗan gajeren zango, a miƙe, har zanen ya goge ko'ina. Ƙarasa da 220. In ka ɗora shi, takarda kada ta iya shiga ta kowane gefe.

In har yanzu yana zamewa, ɗan garin ƙaron da ake shafa wa bakan biyolin a ƙasan ƙafafun yana riƙe shi. Salatif mai manne biyu ma yana yi, sai dai a fentin naitiro yana iya barin tabo. Gam kuwa ko kusa. Wayoyi 11 su ma suna ƙara danne shi, amma sai an sake faɗaɗa tsagar nat.

Ƙusa ita ce matakin ƙarshe: ana huda ƙananan ramuka biyu a fuskar jita, 'yan sanduna su shiga ƙasan gindin. Ba ta komawa, don haka sai ka zauna a kan lambar waya ɗaya, an daidaita komai, sirdunan shida na tsakiyar tafiyarsu, sannan a huda. Kafin nan, sauya waya ɗaya bayan ɗaya, kuma ka yi wa gefunan gindin alama da salatif. Naɗi 2 zuwa 3 a maɗauri ya ishi masu kauri, 3 zuwa 4 ga sirara, ba tare da wani ya hau wani ba. In bayan duk wannan na'ura na rawa a kan E mai kauri a saman wuya, sauke fikof ɗin wuya da juyi ɗaya ko biyu, maganaɗisunsa ne ke jan wayar.