Hazon hunturu da farantan sola: launin haske ne ko me?

Assalamu alaikum. Malamai masana sola, don Allah ku warware min wannan, na yi sati uku ina juya shi a kai.

Ina da faranti iri biyu a rufin shagona a Kano: na silikon mai ƙanƙara (wanda aka yanko daga daskararren silikon, wato crystalline) da na silikon mai siririn shafi (wanda aka shafa silikon ɗin siriri a kai, wato thin-film). Tun da hazo ya sauka a Disamba, duka biyun sun ja baya wajen ba da wuta, amma mai shafin ya fi zubewa, musamman da hantsi, lokacin da rana ke fitowa jajaja kamar garwashi. Na wanke su tas, na duba wayoyi, har na musanya musu wuri. Shiru.

Na san ana auna faranti ne a hasken wat 1000 kan kowace murabba'in mita, zafi digiri 25. Kuma mai ƙanƙara yana cin haske har kusan nanomita 1100 (ma'aunin tsawon zangon haske), wato har da ja da abin da ya wuce ja, mai shafi kuwa ya fi dogara da ɓangaren shuɗi da kore. To ƙurar ce ke tace masa abincinsa, ko farantin ne ya gaji?

Yaya zan bambance, alhali mitar lantarki kawai gare ni?