Neman shawara: ƙarin fitila a gaban mota

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina jan Sharon daga Kano zuwa Potiskum, yawanci dare ke yi min a hanya, kuma fitilata ta yi rauni sosai wallahi, shekaranjiya bayan Azare saura ƙiris in hau kan amalanken shanu babu ko ƙyalle mai ƙyalli a bayanta. Na ga doguwar fitilar LED ɗin nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ina so in ɗaura a saman bamba. Doka ta yarda ko za a kama ni?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Akwai dokar hanya ta 2012 da 'yan Rod Sefti ke aiki da ita, kuma laifin fitila na cikin abin da suke yanka wa tara, VIO, jami'an duba lafiyar mota, ma suna dubawa. Mai walƙiya ja da shuɗi kam kar ma ka taɓa, ta jami'an tsaro ce da motar asibiti. Ka leƙa ofishin 'yan Rod Sefti ka yi tambaya kafin ka kashe kuɗinka.

Mai wayarin: Oga kafin a zo maganar ƙari, yaushe rabonka da wanke gilashin fitilar? Yawancin Sharon da ake kawo min gilashin ya koma ruwan ɗorawa, ciki ya dushe, ga saiti ya karkace ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon daji. A goge, a sa sabon ƙwai na asali 55 wat, a gyara saiti a jikin bango da daddare, za ka sha mamaki. In kuma dole sai ka ƙara to da rile da fis, kar yaro ya jona maka kai tsaye waya ta ɗau zafi mota ta kama da wuta.

Hajiya Maman Sadik: Don Allah ɗana ka bari. Irin fitilar nan wata babbar mota ta dalle mana a hanyar Wudil, direbanmu ya daina gani kwata-kwata muka faɗa rami, har yau ƙafar ƙanwata ba ta koma daidai ba.

Ɗan Zinder: Ko a Turai da aka yarda da ita, sharaɗin shi ne ta kama da ful kawai, kana yin dim ta mutu. Kuma lokacin hazo ba ta da amfani, farin hasken dawo maka yake a ido, ƙananan na ƙasa masu ruwan ɗorawa sun fi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya Allah ya ba ta lafiya. Mai wayarin, goge gilashin na ɗaukar lokaci? Asabar ba ni da lodi.