Shafin shagona ya rikice bayan na sabunta fulogin: in biya ko in koma tsoho?

Mai Shadda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shago a Babbar Kasuwa nan Yamai, shadda da leshi, kuma shekara biyu ke nan ina da shafi a WordPress, manhajar gina shafukan intanet. Ranar Talata na ga jan ɗigo, wai fulogin 7, ƙananan manhajojin nan da ake ƙara wa shafi, na jiran sabuntawa, na zaɓe su duka na danna. Tun ranar hotuna suka hau kan juna a waya, maɓallin WhatsApp ya ɓace, shafin farko sai ya kusa daƙiƙa 20 kafin ya buɗe. A ordinatar da ɗan sauƙi. Kwafin ajiya ba ni da shi, na duba. Yaron da ya yi mini shafin ya ce jaka 60. Salla saura mako uku. In biya shi ko akwai hanyar komawa yadda yake?

Ɗan Bukoki: Alhaji ka mayar da kwafin ajiyarka kawai, minti biyar ne.

Mai Shadda: Ɗana, na ce ba ni da shi.

Na Wadata: Magani bakwai a cokali ɗaya Alhaji! Ko ɗan tauri ba ya haka.

Ɗalibi Harobanda: Baba, kafin ka ba kowa ko dala, share kash, wato tsohon kwafin shafi da ake ajiyewa don ya buɗe da sauri: na fulogin ɗin da ke ƙara sauri, na masaukin shafi, da na burauzar wayarka. Sau da yawa sabon tsari ne ke karo da tsohon CSS (fayil mai tsara kamannin shafi) da aka ajiye. In bai yi ba, kashe zaɓin da ke haɗe fayilolin JavaScript wuri ɗaya. In har yanzu, kashe fulogin ɗin ɗaya bayan ɗaya, kana duba waya, har ka kama mai laifin. Shi kaɗai za ka mayar baya da fulogin WP Rollback, in dai na kyauta ne daga rumbun WordPress.

Hajiya Adar: Alhaji, gyara ba shi ne abin tsoro ba. Tambaya ta: sunan shafin da sunan wa aka saye shi? Ni nan Tawa munka yi shafi na takalman fata da jakunkuna, jaka 150 na ba wani yaro. Shekara guda lafiya lau. Ran da abin ya lalace haka, farin allo fes babu komi, na kira shi ya ce jaka 25. Na ba shi. Bayan wata biyu ya sake lalacewa, jaka 25 kuma. Na ce ba ni kalmar sirri in kai ma wani, sai ya fara hanya-hanya. Ashe sunan shafin da imel ɗinsa ya yi rajista, fulogin ɗin kuma na sata ne, bai taɓa sayen lasisi ba, shi ya sa kowace sabuntawa ke karya shi. Yanzu lambarsa ba ta shiga. Katin shagona 500 na nan cikin kwali da adireshin da ya mutu, jikokina na wasa da su.

Na Wadata: Innalillahi. Hajiya Allah ya mayar da alheri.

Ɗan Bukoki: Jaka 150 dai? Ni jaka 40 aka yi mini nawa.

Hajiya Adar: Araha ba ta ado, ɗana. Ko da yake tsadar ma ba ta yi mini ba.

Mai Siber: Shekara 15 ina wannan aiki. Kar ka saurari masu koyo da shafin mutane. Komawa tsohon fulogin buɗe wa ɓarayi ƙofa ne, don galibi ramukan tsaro ake toshewa da sabuntawar. Matsalarka PHP ce, harshen kwamfuta da WordPress ke aiki da shi. Ina da tabbacin kana kan 7.4, wanda aka daina kula da shi tun ƙarshen 2022. Shiga cPanel, allon sarrafa masaukin shafinka, ka ɗaga shi zuwa 8. Kawo mini, jaka 15.

Ɗalibi Harobanda: Yaya, da girmanka, ka ga shafin ne? Mutumin da ba shi da kwafi za ka ce ya ɗaga PHP ana saura mako uku salla? In jigon shafin, wato tsarin kamanninsa, tsoho ne, farin allon Hajiya zai gani. Ai ban ce ya zauna kan tsoho har abada ba.

Mai Siber: Ranar da WordPress 5.5 ya fito a 2020 ya karya shafuka saboda jQuery, kana aji nawa?

Na Wadata: To an fara nuna takardar haihuwa.

Maman Biyu: Ni nawa ba fulogin ba ne ma, hotuna ne. Kowane ɗaya mega 4 daga waya kai tsaye. Da aka rage su aka mai da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, sai ga shi yana buɗewa ko da rezo ya yi ƙasa.

Mai Shadda: Na gode. Na share kash kamar yadda ɗalibi ya ce, maɓallin WhatsApp ya dawo, hotunan na nan a kan juna. Hajiya, na tambayi yaron sunan wa ke kan rajista, ya karanta bai amsa ba.

Hajiya Adar: Ka ji ko.

Ɗan Bukoki: Su ma yaran ba laifinsu ba ne duka. Lasisin nan da dala ko yuro ake biya, katina sau uku ana ƙin karɓarsa, kuma kowane gwaji sai na je banki na yi layi.

Maman Biyu: Ni sai ƙanena da ke Faransa ke biya mini, in tura wa mamarmu kuɗin nan gida. Bara ya manta, shafin ya yi kwana 9 a rufe.

Mai Siber: Wane kati kake amfani da shi, na banki ko wanda ake lodawa?